Dardumar da Inna ta hana a naɗe

Ina da cikin fari maigidana ya tafi Gabas. Ba don kansa ya tafi ba, mahaifinsa ya raka, tsoho mai taurin kai wanda ya rantse sai ya ga Makka kafin ƙasa ta rufe masa ido. A zamanin nan na Nasara, talaka irinmu da ƙafa yake zuwa hajji, ya yi tafiya, ya tsaya ya yi ƙwadago, ya ƙara gaba, shekaru na wucewa. Sunka bar ni a Wurno tare da surukata, wadda nake ce wa Inna, da ƙanen tsohon, Baffa, wanda ke zaune da iyalinsa a ɗaya sashen gidan. Cikin da ya hana ni bin su bai zo da rai ba. To ka ji yadda anka yi na zauna, ba miji, ba goyo, ni da tsohuwa muna kallon juna.

Ni 'yar Goronyo ce, kuma ba na haɗiye magana, wannan duk unguwa ta shaida. Inna kuwa kunya ta yi mata yawa har tana ba ni haushi. Maigidana ɗanta ne na fari, shi kaɗai kuma ya rayu mata, amma ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar labarinsa. In an ce wasu sun dawo daga Gabas, unguwa duk ta kwashe zuwa tambayar nata, ita tana zaune tana kaɗi kamar ba ta da kowa a hanya. Sai dai ta ce da ni, "Tahi ki yi musu barka." In na dawo ba ta cewa komai, amma mazarinta yakan tsaya har sai na ce ba su gan su ba, sannan ya ci gaba da juyawa.

Mun kai shekara huɗu a haka, sai ga wani alhaji mutumin Rabah ya yi sallama a zaure, da wani dogon ƙunshi bisa jaki. Baffa ya fita, ni kuma na laɓe bayan zana. Alhajin ya ce tsoho ya rasu a ƙasar Sudan tun kafin su kai bakin teku. Ɗan ya binne shi, ya ƙetare ya yi hajji, ya dawo Sudan yana aikin auduga don ya tara guzurin gida. Lafiyarsa ƙalau. Ƙunshin nan darduma ce maigidana ya saya hannun wani Balarabe, ba sabuwa ba, ya ba da saƙo a kawo. Ya ce a shimfiɗa masa ita a turakarsa, yana nan tafe, in ya zo bisa ita zai zauna ya ba mu labari.

Inna ta yi takabar mijinta ba ta ko kalli ƙunshin ba. Da hannunta ta naɗe buzun tsohon da tabarmarsa, don a gidan nan mamaci ake naɗe wa shimfiɗa. Sai da ta fita takaba ta ce a kwance darduma a tsakar gida.

Kai! Ban taɓa ganin abu irinta ba. Ba irin 'yar ƙaramar nan ta salla ba ce, babba ce ta cika ɗaki, ja wur, da shuɗin zane zagaye da bakinta, da farar geza a kai da ƙafa. Gashinta ya ɗan kwanta a wasu wurare, amma mu wa ya damu. Matan unguwa sunka cika gidan. Wata maƙwabciyarmu ta miƙa ƙafa za ta ji laushinta, sai Inna ta daka mata tsawa, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Ba a taka ta," in ji Inna. "Mai ita za shi fara takawa. In kuma anka shimfiɗa ta, ba mai naɗe ta sai ya zo."

Daga ranar nan Inna ta samu sunan da za ta riƙa kiran ɗanta. Mai darduma. Ni kuma na gane abin da ba a faɗa ba: muddin dardumar nan tana shimfiɗe, yana da rai, ni matar aure ce, ba Baffa ba, ba dangina na Goronyo ba, babu mai ikon ɗaga wata magana.

Turakar tasa tsohuwar shigifa ce, kakansa ya gina ta, bango mai kauri, daɓen ƙasanta ya tsufa gara ta huda shi nan da can. Inna ta ce ba za a ɗora wannan kaya bisa abincin gara ba, a sake daɓe. Nan Baffa ya samu abin da yake jira. Ya taɓa yin lebura wurin ginin kwalbati a hanyar Achida, lokacin da Nasara sunka sa a gyara ta don motoci, kuma tun daga nan ba ka gama gaisawa da shi sai ya sako maka zancen siminti.

"Wane daɓe ana zaune lahiya?" in ji shi. "Siminti za mu sa. Dutse na, Yaya. Kin taɓa ganin gara ta ci dutse?"

Inna ta sayar da tunkiyarta, anka ba da saƙo Sakkwato, mota ta kawo siminti. Simintin bai isa ba. Baffa ya ce ba komai, ya ƙara masa yashin gulbi, ya ƙara, ya ƙara, ya shafa shi bisa tsohon daɓen, kaurinsa bai fi na yatsa ba. Inna kuwa da ta ji za a yi ƙasan ɗaki, ta riga ta gayyaci mata, ta sa na dama fura cike da ƙwarya biyu. Sunka zo da madaɓansu za su daki ƙasa yadda anka saba. Baffa ya tsaya bakin ƙofa ya ware hannuwa yana cewa wannan ba a dukansa. Matan sunka yi ta zolayarsa, wai ya koyo daɓen ragwaye wurin Nasara, sunka shanye furar sunka watse. Rabona da dariya irin ta ranar nan na daɗe.

Baffa ya ce a bar shi ya kwana biyu ana yayyafa masa ruwa, sannan a bar shi ya bushe har ciki. Inna ta ce ita ba ta ga hankali cikin jiƙa abin da ake so ya bushe ba. Da saman ya yi fari, ta ce ɗaki ba makuba tsirara yake, ta jiƙa ɓawon ɗorawa ta sa na shafe shi har ya yi ja. Sai kuma jita-jita ta zo cewa wani ayarin alhazai ya iso Kano. Shi ke nan, ba wanda ya isa ya tsayar da ita. Mu huɗu munka riƙe kusurwoyin dardumar, munka shiga muna raɓe da bango, munka sauke ta a hankali ba wanda ƙafarsa ta taɓa ta. Ta cika ɗakin, sai 'yar hanya da ta rage zagaye da gindin bango, faɗinta bai wuce kamu ɗaya ba. Da yake ni ce siririya, kulawa da ita ta faɗo kaina.

Ayarin ya zo ya wuce, babu shi a ciki.

Da rani ba mu ga komai ba. Na ɗaure tsintsiya mai laushi a bakin gora, in tsaya a 'yar hanyar nan in miƙa in share tsakiya. Kullum da safe in na fito Inna takan ce, "Kin duba darduma?" in ce, "Lahiya lau take, Inna." Ita ke nan tambayar ɗanta da ta iya yi, ni kuma ita ke nan amsar da nake da ita.

Da damina ta nutsa sai na fara jin wari, irin na zanen da anka manta cikin kwando da danshinsa. Na durƙusa na ɗaga kusurwa ɗaya. Innalillahi. Simintin yana gumi, wallahi gumi kamar goshin mutum. Bayan dardumar ya jiƙe, makuba ta rine shi, funfuna ta yi masa baƙaƙen tabo. Gidanmu yana gangaren da ke kallon fadama, tsohon bango yana shan ruwa da damina, daɓe kuwa yakan sha ya fitar. Shi wannan dutsen na Baffa ba ya sha, sai ya tara ya miƙa wa darduma.

Na fito na ce, "Inna, a hidda dardumag ga ta sha rana."

Ta ce, "Ba a ɗaga ta."

Na ce, "To ruɓewa za ta yi."

Ta ce, "Allah shi kiyaye bakinki."

Raina ya ɓaci. Na ce shi wanda ya aiko ta cewa ya yi a shimfiɗa, bai ce a bauta mata ba. Ta ɗauki kaɗinta ta shige ɗaki, munka yi kwanaki sai gaisuwa. A ƙarshe Baffa ya raba mu. Ya ce shi a ganinsa in cibiyar darduma tana ƙasa, to shimfiɗe take, ko da an ɗaga gefenta. Inna ba ta musa ba, munka san ta yarda.

Haka na koyi wani aiki da ba wanda ya koya mini, don ba wanda ya taɓa yin irin wannan wautar kafin mu. In rana ta fito sai in buɗe ƙofa, in ɗaga gefe ɗaya in tokare shi da karan dawa iska ta shiga ƙarƙashi. In goge simintin da tsumma iyakar inda hannuna ya kai, in ɗaura tsumman a gora in ƙara kaiwa gaba. In kawo kasko da garwashi in ajiye a 'yar hanyar, ina gadinsa kada tartsatsi ya tashi. In ƙasa ta bushe in barbaɗa toka, in sauke wannan gefen, gobe in ɗaga wancan. Na tura tsofaffin tabarmi ƙarƙashinta kaɗan-kaɗan don su raba ta da simintin, in sun jiƙe in zaro in sa wasu. Na cusa ganyen taba da na dogon yaro saboda asu. Tsakiyar ce kawai ban taɓa kaiwa ba, ita sai dai in bar wa Allah.

A shekara ta biyu simintin ya tsage daga gindin bangon baya, gara ta samu ƙofa. Ranar da na nuna wa Baffa, ya daɗe a tsugune yana ƙwanƙwasa ƙasan da yatsa, wurin yana amsawa kamar ƙwarya kife. Na so in ce masa ga dutsenka nan gara tana ci, amma na ga fuskarsa na fasa. Ya samo ɗan siminti ya liƙe tsagar. Bayan wata biyu wata ta buɗe kusa da ita.

A lokacin nan idon Inna ya fara yin yana. Da farko zare ne ba ta gani, daga baya har fuskar mutum sai ya yi magana. Sai ta ɗauki wata al'ada. Da hantsi in kama hannunta in kai ta bakin turakar, ta zauna a dokin ƙofa, ta miƙa hannu ciki ta kama gezar dardumar tana murzawa. Ba ta shiga. Takan yi zaman nan har rana ta taso mata, sannan ta ce in mayar da ita.

Gefen baya shi ya fara mutuwa. Gara ta cinye zaren ƙasa, danshi ya gama sauran, in ka taɓa sai gashin ya biyo hannunka. Na ga in na bar shi zai ci gaba da ci har ciki. Na aro almakashi wurin maɗinkin unguwarmu, na durƙusa a 'yar hanyar nan na yanke ruɓaɓɓen. Wallahi ji na yi kamar mutum nake yanka. Na murza zare mai kauri na dalle bakin da basilla don kada ya warware. Abin da na yanke na tura shi murhu. Ban gaya wa Inna ba, kuma ko yau anka mayar da ni wurin ba zan gaya mata ba.

Damina ta gaba gefen ƙofa ya kamu, wurin da take taɓawa. Nan na sha wahala. Na warware gezar a hankali, na wanke ta, na yanke abin da ya lalace, na mayar da gezar bisa sabon bakin na ɗinke. Sannan na ja dardumar gaba ɗaya zuwa ƙofa, don hannun Inna ya same ta inda ya saba samunta. Washegari ta zauna ta miƙa hannu, ni ina tsaye ina kallon yatsunta. Ta murza, ta murza, ta ce, "Kin wanke ta?" Na ce i. Ta ce, "Allah shi yi miki albarka." Daga nan kowace shekara sai na yanka, na ɗinke, na ja gaba. Ta ƙofa komai yana nan yadda yake, ta baya kuwa fili yana ta buɗewa.

Yayana yakan zo daga Goronyo bayan an cire albasa, ya kawo mana rabonmu. Kowane zuwa maganarsa ɗaya ce. In zo mu je wurin alƙali a raba auren nan, shari'a ta ba ni hanya, mahaifiyarmu ba ta barci saboda ni. Nakan ce masa in albasa ya kawo ya ajiye, in magana ya kawo ya koma da abarsa. Ya tafi yana cewa ni dai tun ina ƙarama haka nake.

Amma kada in yi ƙarya, ba kullum nake da wannan ƙarfin ba. Sa'o'ina da anka yi mana aure shekara ɗaya, wata tana yayen na uku. In an yi suna a unguwa nakan je in yi barka, in dawo in shige turakar nan in rufe ƙofa, in raɓe a gindin bango in yi kuka har kaina ya yi ciwo. Ina son ɗa. Ina son in ji wani ya ce mini sannu da aiki ba tsohuwa ba. Akwai ranakun da na tsani dardumar nan, na tsani wanda ya aiko ta, mutumin da ya iya samun mai kawo kaya tun daga Sudan amma bai iya kawo kansa ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne fuskarsa ta fara ɓace mini. Zanen dardumar kuwa ko ido rufe na san kowane lungunsa.

Baffa ya je Rabah har sau biyu wurin alhajin nan ko ya ji wani abu. Na biyun ya dawo yana gaya wa matarsa, ni ina jin su ta bayan zana. Wani ya ce an ga mai kama da maigidana ya yi aure can, da 'ya'ya. Wani ya ce a'a, zazzaɓi ya kashe mutanenmu da yawa a wurin audugar shekarar da ta wuce. Ba wanda ya gani da idonsa. Ba mu gaya wa Inna ba, ita ma ba ta tambayi abin da ya kai Baffa Rabah ba.

Sai ga wata damina da ba a taɓa mantawa da ita a unguwarmu. Gulbi ya cika ya haura fadama, shinkafa ta nutse, gidaje na faɗuwa. Ruwa bai shiga ɗakunanmu ba, amma bangon turakar ya jiƙe har gwiwa, simintin baya ya ɗago ya farfashe. Garwashi bai yi komai ba, tabarmi sunka ƙare. Warin ya fito har tsakar gida. Na tura gora ƙarƙashin tsakiyar, ta fito da baƙin abu mai yauƙi. Na san ta mutu daga cibiya, wurin da almakashi ba ya magani. Duk da haka da safe in Inna ta tambaya nakan ce lafiya lau take.

Da kaka ta yi, ana cikin yankan gero, wata safiya na kai ta bakin ƙofa kamar kullum. Ta zauna ta kama gezar. Na juya zan tafi wurin daka, sai na ji motsi. Inna ce ta durƙusa ta ƙetare dokin ƙofa da rarrafe. Ta bi ta gefe, hannu ɗaya a bango, ɗaya a bakin dardumar, ba ta taka ta ba.

Na ce, "Inna, ina za ki? Akwai sanyi ciki."

Ta ci gaba tana lalube, yatsunta suna bin ɗinkina. Tun daga gefe hannuwanta biyu sunka fara nisa da juna. Da ta kai baya, bakin dardumar ya ƙare mata tun ba ta yi kusa da bango ba. Ta miƙa hannu gaba ta ji siminti, ta ƙara rarrafawa ta ji siminti, fasasshe, mai sanyi. Wurin da dā kamu ɗaya ne, yanzu mutum zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. Ta kai bangon, ta juya ta jingina da shi ta zauna.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "An daɗe, Inna."

"Ke ɗai kinka yi?"

"Ni ɗai."

Idanunta farare suna kallon inda ba ni ba. Can ta ce, "Ina zaune bakin ƙohwa ina murza geza, ɗiyar mutane na tsuhwa a bayana. Ban kyauta ma mutanen Goronyo ba." Ta share fuska da bakin zane. Ta ce, "Naɗe ta."

Wallahi da ta ce in fita in bar mata gida da ya fi mini sauƙi. Shekaru nawa ina jin maganar nan a raina, ina cewa ina ma, amma da ta fito daga bakinta sai na ji ba na son ta. Na ɗaga mata murya, Allah ya yafe mini. Na ce ba zan naɗe ba. Na ce bayan duk garwashin da na ɗauka, bayan yatsuna da basilla ta huda, yau za ta ce in naɗe? Na ce wa ya ce mata ya mutu, wa ya gani? Na ce zan samo yadda zan gyara tsakiyar, ta ba ni zuwa rani.

Ta ce, "Ban ce ya mutu ba. Cewa niy yi ki naɗe."

Na tsaya ƙyam. Sai ta laluba ta kama bakin dardumar da hannu biyu, ta fara naɗewa da kanta, tana rarrafe tana turawa. Ba ta da ƙarfi, naɗin yana karkacewa. Da ta kai tsakiya sai ya tsaya, don ta manne da simintin. Ta ja. Ta yage mata a hannu ba ko ƙara, rabi ya biyo ta, rabi ya zauna a ƙasa. Ta riƙe abin da ya biyo ta a ƙirji tana haki. Nan na durƙusa kusa da ita, na ɗebo sauran da hannuna, munka ƙarasa tare. Wannan ne karon farko da gwiwata ta taɓa tsakiyar ɗakin tun ranar da munka shimfiɗa ta.

Da la'asar ta kira Baffa, ta ce ya aika Goronyo a kira yayana, su kai ni wurin alƙali. Baffa ya buɗe baki zai yi magana, ta ce ba shawara take nema ba. Anka je, anka kawo shaidu cewa mutumin ya daɗe ba shi ba labarinsa, alƙali ya raba auren. Na ce a gidan zan yi idda, ba wanda ya hana ni.

Watannin nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Na kankare simintin da ɓawon ƙwarya, na wanke, na share, ban san don wa ba. Abin da ya rage na dardumar Inna ta sa an ɗaure an rataye a ɗakinta. Da safe in na gaishe ta sai ta amsa, mu yi shiru, don tambayar da muka saba ta ƙare, ba mu da wata. Takan sa ni in zauna ta laluba kaina ta tsefe mini, ta yi mini kitson da duk ya karkace, in bar shi haka. Ta ba ni tasoshinta biyu da zanen saƙi da ta ɓoye tun na aurenta. Ta riƙa gaya mini in na yi wani auren in rage baki, ba kowace suruka ce za ta ɗauka ba. Na ce ita ma ai ba ɗauka ta yi ba, rasa yadda za ta yi da ni ta yi. Ta yi dariya har da tari.

Ban ƙara ganinta ba bayan na bar Wurno, damina biyu ta ƙara ta rasu a hannun matar Baffa. Mai darduma kuwa har yau da nake wannan magana ba wanda ya zo mini da labarinsa, na rai ko na mutuwa.

Ranar tafiyar yayana ya zo da jaki tun da sassafe, anka ɗaura kayana. Na yi sallama da Baffa da iyalinsa, na shiga wurin Inna na durƙusa. Ta yi mini addu'a mai tsawo, ta ce ta yafe mini, in yafe mata, ta ce in tashi kada rana ta yi mana. Idonta a bushe, muryarta ba ta ko girgiza ba. Na ce a raina tsohuwar nan ta riga ta haƙura, ta binne ɗanta a zuci, saura ni in koyi yin haka.

Na kai zaure ke nan na ji takunta a bayana. Ta biyo ni ita kaɗai tana dafa bango, ba mai ja mata hannu. Ta laluba iska har ta samu hannuna, ta riƙe wuyansa da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta matso kusa, ta rage murya don kada yayana ya ji daga waje.

Ta ce, "Ɗiyata, in mai darduma ya zo ya tambaye ni ke, mi za ni ce mishi?"

Na tsaya ina kallonta. Yayana ya kira ni daga waje, ya ce rana tana yi. Ta ɗan ƙara jira, sannan ta sake mini hannu, ta juya ta nemi bango ta koma ciki.